Makaɗi ko Mawaƙi? Tsokaci a kan Matsayin Masu Kalangun Mamman Shata a Tunanin Masoyansa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna cikin Hausawa ya san hirar Alhaji Mamman Shata Katsina ba ta ƙarewa. An haife shi a Musawa cikin shekarar 1923, ya rasu a Kano a watan Yuni na 1999, aka yi masa sutura a Daura, amma har yau da wuya dattawa su haɗu a tasha ko a bakin kasuwa su watse ba a ambace shi ba. Maƙasudin wannan takarda shi ne duba wani ɓangare na wannan hira wanda ba a cika kula da shi ba, wato matsayin da masu kaɗa masa kalangu suke da shi a tunanin masoyansa da kuma a rubuce-rubucen manazarta. Ra'ayin da takardar take son kafawa shi ne cewa masoya sun adana kiɗan a kunnuwansu amma sun saki masu kiɗan, mu kuma manazarta mun bi sahunsu maimakon mu cike giɓin. Domin a ga girman matsalar, za a kwatanta da yadda masoya kiɗan jaz na Amurka suke tunawa da makaɗan manyan ƙungiyoyinsu.

2.0 Zaman Hira a Utako

Aiki ne ya raba ni da gida ya kawo ni Abuja, kuma kamar kowane baƙo, sai na nemi inda zan riƙa jin Hausa irin ta gida. Na same shi a teburin wani mai shayi kusa da tashar motoci ta Utako, inda direbobi da 'yan kamasho da masu sayar da goro suke zama bayan sallar isha'i. Galibinsu mutanen Katsina ne da Kano da Zamfara, kuma abin da ya fi haɗa kansu shi ne waƙoƙin Shata da ake sakawa daga wayar hannu.

Wata rana musu ya kaure tsakanin wani saurayin direba da wani dattijo wanda ya ce ya sha halartar wasan Shata a zamanin ƙuruciyarsa. Saurayin ya ce shi a kunnensa kiɗan Shata guda ɗaya ne, baki kawai ake sauyawa. Dattijon bai tanka masa da hujjar baki ba. Sai ya ajiye kofinsa, ya kwaikwayi kiɗan Bakandamiya da bakinsa yana buga gefen benci, sa'an nan ya kwaikwayi na wata waƙar ta sarauta, ya nuna inda na farko yake tafiya da ƙasaita da inda na biyu yake da ɗoki. Kowa a wurin ya yarda an kayar da saurayin. Da abin ya lafa sai na ce masa, “Baba, wane ne yake riƙe da babban kalangun a wannan faifan?” Ya yi shiru, ya ce, “Malam, ai yaran Alhaji ne.” Na maimaita tambayar ga sauran mutanen wurin, ban sami wanda ya ba ni amsar da ta wuce wannan ba.

Ba a gina hukunci a kan zaman mai shayi guda ɗaya. Amma abin da ya faru yana nuni ga wani abu da na sha cin karo da shi har a ajin jami'a: mutum ya haddace kiɗa ɗaki-ɗaki, amma bai taɓa tunanin akwai wani mahaluki mai suna da hikima a bayansa ba.

3.0 Kalmar “Makaɗi” da Ma'anoninta

Tushen matsalar yana cikin harshen kansa. A Hausa, kalmar da ake rubutawa “makaɗi” tana ɗauke da ma'anoni uku. Ta farko, mai aikin kaɗa ganga, da karin sauti sama-ƙasa-sama, jam'inta makaɗa. Ta biyu, lanƙwasasshen icen da ake kiɗan da shi, da karin sauti sama-sama-sama, jam'inta makaɗai. Ta uku, wadda al'ada ta faɗaɗa daga ta farko, ita ce jagoran ƙungiya mai rera waƙa, ko yana taɓa ganga ko ba ya taɓawa. Da wannan ma'ana ta uku ce ake kiran Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi makaɗan fada, ake kuma lissafa Shata cikin makaɗan jama'a, alhali abin da duniya ta san Shata da shi shi ne baki.

Ke nan jagora ya karɓe sunan sana'ar gaba ɗaya. Wanda yake ainihin kiɗan ya koma “yaro” ko “mai kalangu”, matsayinsa a tunanin mai sauraro ya fi kusa da ma'ana ta biyu, wato kayan aiki, fiye da ta farko. Wannan ya dace da tsarin barantaka na ƙasar Hausa, inda aikin bara yake shiga ƙarƙashin sunan ubangidansa, kyauta ma a hannun jagora take faɗawa shi ya raba. Ba zalunci ba ne a idon waɗanda suka rayu cikin tsarin. Sai dai abin da ya wadatar wajen zaman tare bai wadatar wajen nazari ba.

4.0 Aikin Kalangu a Waƙoƙin Shata

Kalangu ganga ce mai fuska biyu da siririn ƙugu, an haɗa fatun fuskokin da tsirkiyoyi. Idan mai kiɗa ya matse tsirkiyoyin a hammatarsa sai fata ta ɗaure, amo ya hau. Idan ya sassauta sai amo ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, mai kuma bambanta dogon wasali da gajere, kalangu yana iya bin hawa da saukar magana har mai kunne ya gane abin da ake faɗa. A nan ne take ya samo asali, wato kirarin da ganga ke yi wa mutum ba tare da an buɗe baki ba. A al'adance kalangu kayan kiɗan mahauta ne da 'yan dambe da wasannin 'yan mata a dandali, kamar yadda kotso da taushi da jauje suke na fada. Ƙungiyar Shata ce ta kai shi gaban sarakuna, irin su Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da gaban shugabannin ƙasa.

Idan aka kwatanta tsarin rerawar Shata da na Ɗanƙwairo za a ga nauyin da ke wuyan masu kalangu. A ƙungiyar Ɗanƙwairo 'yan amshi suna yi wa jagora ƙari, suna karɓar ɗan waƙa daga bakinsa su ƙarasa, don haka muryoyi ne suke cike sararin waƙar. A wajen Shata kuwa, galibi shi kaɗai yake ƙulla ɗiyan waƙa, 'yan amshi suna maimaita gajeren gindi. Ɗiyan nan ba su da tsawo ɗaya: wani layi biyu ne, wani ya zarce goma, gwargwadon abin da ya zo masa a take. Wanda yake riƙe masa ma'auni a wannan tafiya, ya ba shi sararin numfashi da tunani, ya kuma share wa 'yan amshi hanyar shigowa, shi ne mai kalangu. A tsarin ƙungiyar kalangu, ƙananan ganguna irin su kuntuku suna riƙe bugu guda ba sauyi, babban kalangu kuma yana yawo a kansa, yana amsa wa mawaƙi, wani lokaci yana riga shi. Mai irin wannan aiki dole ya san halin jagoransa, ya karanci fuskarsa da motsin hannunsa, domin ba a rubuta masa komai ba.

Saboda haka abin da dattijon Utako ya kwaikwaya da bakinsa ba ado ba ne da aka yafa wa waƙa. Rabin waƙar ne, kuma wasu mutane ne suka ƙaga shi.

5.0 Kwatanci da Manyan Ƙungiyoyin Jaz

A Amurka, cikin shekarun 1930 da 1940, an yi yayin manyan ƙungiyoyin jaz masu mutum goma sha biyar ko fiye, galibinsu masu busa, da mutum ɗaya a kan jerin ganguna da faya-fayan ƙarfe yana kaɗawa da hannuwa da ƙafafu. Aikin wannan mutum ya yi kama da na mai babban kalangu: riƙe ma'auni da share wa sauran hanya. Amma makomar sunansa ta sha bamban.

Chick Webb, wanda ya rasu a 1939, makaɗin ganga ne kuma shi ne jagoran ƙungiyar da ke wasa a zauren Savoy na unguwar Harlem. Shi ya ɗauki Ella Fitzgerald a 1935 a matsayin mawaƙiyarsa, wato akasin tsarinmu ke nan. Gene Krupa (1909-1973) yaro ne a ƙungiyar Benny Goodman, amma kiɗan da ya yi a zauren Carnegie na New York cikin Janairun 1938 ya sa sunansa ya yi kafaɗa da na ubangidansa, a shekarar kuma ya kafa tasa ƙungiyar. Buddy Rich (1917-1987) ya yi aiki a ƙarƙashin Tommy Dorsey, daga baya ya jagoranci babbar ƙungiyarsa daga 1966 har ƙarshen rayuwarsa. Masoyansa har yau suna musu a kansa: wasu na ganin ba a yi mai saurin hannu da tsabtar bugu kamarsa ba, wasu na ganin saurin ya kan rinjayi daɗin kiɗan, wasu kuma suna tuna zafin ransa ga yaransa. Musun nasu bai fi na Utako zurfi ba ta fuskar kunne. Bambancin shi ne suna da sunan da za su rataya ra'ayinsu a kansa.

Dalilai uku ne suka jawo haka. Na farko, tsarin jaz yana ware wa mai ganga lokacin da kowa zai yi shiru a bar shi shi kaɗai. Na biyu, an saba rubuta sunayen duk waɗanda suka yi kiɗa a bangon faifai da kundayen tarihin faifai. Na uku, akwai mujallu irin su DownBeat, wadda aka kafa a 1934, masu yin sharhi a kan kowane mai kiɗa da sunansa. A nan Nijeriya ma, Tony Allen (1940-2020), wanda ya kaɗa wa Fela Anikulapo-Kuti ganga daga 1964 zuwa ƙarshen shekarun 1970, ya ci moriyar wannan al'ada: an san hannunsa, an rubuta tarihinsa tare da Michael Veal a 2013. Kasakasan Shata da suka cika kasuwanninmu a da kuwa, sunansa da hotonsa kawai suke ɗauke da su.

6.0 Laifin Manazarta

Ba a yi wa Shata rowar nazari ba. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana cikin 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da Shata Ikon Allah! a 2006. Ta fuskar kayan kiɗa, Ames da King (1971) sun tattara sunayen ganguna da muhallin amfani da su, Sa'idu Muhammad Gusau (1993) kuma ya sanya kiɗa da rauji cikin abubuwan da mai nazarin waƙar baka zai duba. Duk da haka, idan aka ɗauki galibin kundayen ɗalibanmu za a tarar an juyi waƙa a takarda, an fitar da turke da tubalansa da adon harshe, sa'an nan a sallami kiɗa da jimla ɗaya, cewa “ana amfani da kalangu”. Ko inda aka jero sunayen 'yan ƙungiya a babin tarihi, ba a cika tsayawa a bambanta hannun wannan da na wancan ba.

Dalilin a fili yake. Sassan harsunan Nijeriya sun horar da mu a kan matani, ba a kan amo ba, sai muka mayar da waƙar baka kamar rubutacciya wadda aka manta ba a rubuta ba. Illar wannan ita ce muna jingina wa baiwar mutum ɗaya abin da ƙungiya ta gina, kuma muna kasa bayyana dalilin da ya sa ɗan waƙar da yake girgiza taro yake zama lami idan aka karanta shi a takarda.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa tunanin masoya Shata, irin na mazauna tashar Utako, taska ce ta gaskiya ta fuskar kunne, amma tana da giɓi ta fuskar suna, kuma giɓin ya samo asali daga harshe da tsarin barantaka da yadda aka adana waƙoƙin. Lamarin yana da gaggawa, domin tun daga shekarun 1990 fiyano ya maye gurbin ganga a galibin waƙoƙin finafinan Hausa, masu kalangun wancan zamani kuma shekaru sun cim musu. Saboda haka ana ba da shawarar a nemi waɗanda suka rage daga ƙungiyar da 'ya'yansu a yi hira da su faifai-faifai. A bibiyi hotunan bidiyo na gidajen talabijin a tantance wanda ke riƙe da kowace ganga. A kuma wajabta wa ɗalibin da zai nazarci waƙar baka ya kawo sunayen masu kiɗa da bayanin aikinsu kamar yadda yake kawo na jagora. Masoya ma suna da rawar takawa, domin dattijon da zai iya bambanta kiɗa da kiɗa a gefen benci zai iya bambanta hannu da hannu idan aka ba shi sunayen.