Jinjina ga Ɗaliban La Barraca

A shekarar 1932, wasu ɗaliban jami'ar Madrid suka ƙi kashe hutunsu a gida. Suka loda katako, labule da kayan ado a babbar mota, suka nufi ƙauyukan Sifaniya domin nuna wasannin kwaikwayo kyauta. Sunan ƙungiyarsu La Barraca, ƙarƙashin jagorancin marubuci Federico García Lorca da Eduardo Ugarte, kuma gwamnatin jamhuriya ce ke tallafa musu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su raina mutanen karkara ba. Wasannin manyan marubutan ƙasar suka kai musu: Cervantes, Calderón da Lope de Vega. A garin Burgo de Osma suka fara, cikin watan Yuli. Da sun isa gari, su da kansu ne ke kafa dandamali a fili, maza da mata, su ɗaura fitilu, su yi wasa, sannan su kwance komai su ƙara gaba. Shuɗiyar rigar leburori ce kayan aikin samarin, kuma babu mai karɓar albashi.

Ka duba wasan Fuenteovejuna, labarin ƙauyen da ya haɗa kai ya kashe azzalumin shugabansa. Lorca ya cire sashen sarakuna daga wasan, ya bar manoma suna kallon manoma 'yan'uwansu. Wannan ƙarfin hali ne, domin masu ra'ayin riƙau ba su ƙaunar ƙungiyar ko kaɗan.

Yaƙin basasa ya ɓarke a 1936, aka harbe Lorca kusa da Granada a watan Agusta, tafiyar kuma ta watse.