Daga Turoyi zuwa Dutsen Bima: abin da sarakuna ke nema a tsofaffin wurare

Birnin Gombe na yau yaro ne. Sai a 1919 Turawa suka dawo da fadar masarauta nan Gombe Doma, bayan ta ɗan zauna a Nafaɗa. Tushen sarautar yana Gombe Abba, inda kabarin Modibbo Buba Yero yake, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya rasu a 1841. An ɗauke fada, amma ba a iya ɗauke kabari ba, kuma duk wanda ya hau gadon Bubayero ya san daga can sarautarsa ta samo hujja.

Wannan ɗabi'a ta jingina mulki da wuri mai tarihi tsohuwa ce ƙwarai, kuma ba wanda ya iya ta kamar Iskandar na Makidoniya. A shekara ta 334 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da ya ƙetara zuwa Asiya don yaƙar Farisa, bai fara da neman abokan gaba ba. Sai da ya ratse zuwa Turoyi, garin da waƙoƙin Homa suka ce Girkawa sun yi shekara goma suna kewaye da shi. A lokacin garin ya zama ɗan ƙaramin wuri. Ya ɗora furanni a kan tudun da ake cewa kabarin jarumi Akilis ne, wanda dangin mahaifiyarsa ke kira kakansu. Ya ajiye kayan yaƙinsa a ɗakin bautar gunkiya Atina, ya ɗauki tsofaffin makamai da aka ce na wancan yaƙin ne, aka riƙa wucewa da su gabansa a fagen fama. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne har Firiyam, sarkin Turoyi da ɗan Akilis ya kashe, sai da ya yi wa yanka don ya huce. Mai shirin cin ƙasar mutane ya fara da ba matattunta haƙuri.

Ko Akilis na cikin tudun nan ko ba ya ciki, bai dami Iskandar ba. Sojojinsa sun taso da labarin tun suna goye, kuma su yake yi wa magana. Ba shi ya fara ba ma: marubucin tarihi Hirodotus ya ce Sarkin Farisa Zaksis ya tsaya a wurin a 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yanka shanu dubu kafin ya auka wa Girka. Wuri ɗaya, kowa na karanta shi yadda zai yi masa amfani.

A ƙasar Gombe muna da namu, sai dai fuskarsa daban. Dutsen Bima, da ke gabashin kogin Gongola, ba don wani yaƙin da ya wuce ya shahara ba. Mutanen ƙarni na 19 sun ɗaure shi da labarin bayyanar Mahadi da ƙaurar jama'ar Shehu zuwa gabas a ƙarshen zamani. Wato Turoyi na jan sarakuna da abin da aka ce ya faru, Bima kuwa da abin da ake jira. A kusa da nan Malam Jibrilla Gaini ya kafa sansaninsa a Burmi, ya gagari sarakunan Gombe shekara da shekaru, har Turawa suka kama shi a 1902.

Da Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kamo wannan hanya ta gabas. Rahotannin Turawa sun ɗauki tafiyar a matsayin gudu, amma mai gudu ba ya tafiya da garuruwa a bayansa. Manoma sun bar gonaki, malamai da sarakuna sun bi, domin sun gane hanyar; an daɗe ana faɗa musu ita. A nan ne nake ganin asirin al'adar yake. Kwarjinin wurin a zukatan talakawa yake zaune, sarki aro yake yi. Abin da ya tayar wa Turawa hankali ke nan, fiye da yawan bindigogin Attahiru.

(Kada a ce na haɗa yankan Iskandar da hijirar Musulmi. Ta fuskar aƙida ba su haɗa hanya ba, kuma malaman Gombe na ɗariƙa da na Izala suna da isasshiyar muhawara kan ziyarar kabari ba sai na ƙara musu ba. Siyasar abin nake dubawa.)

A Burmi tafiyar Attahiru ta ƙare. Mutanen garin sun kori Turawa da suka kai hari karon farko cikin watan Mayu. A karo na biyu, ranar 27 ga Yuli, aka kashe Attahiru tare da ɗaruruwan mabiyansa, Manjo Marsh da ya jagoranci harin shi ma ya faɗi, aka rushe garin. Filin yaƙin, da ke kusa da Bajoga, ya koma wurin ziyara, da kaburburan ɓangarorin biyu. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiyar da sauran jama'a har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kuma jikokinsu na can har yau.