Danganar Ramatoulaye: sake duban Une si longue lettre

Duk malamin da ya taɓa karantar da Une si longue lettre, littafin Mariama Bâ da ya fito a Dakar a 1979, ya san hukuncin da ɗalibai kan yanke tun ba a kai tsakiyarsa ba: Aïssatou jaruma ce domin ta kwashe ƴaƴanta huɗu ta bar gidan Mawdo, Ramatoulaye kuwa raguwa ce domin ta zauna. A ganina akwai gaggawa cikin wannan hukunci, kuma mu malamai muke ƙara masa ƙarfi duk sa'ad da muka ba da aikin kwatanta matan biyu kamar masu awo da sikeli.

Mu tuna abin da ya same ta. Bayan shekara 25 da aure da haihuwa 12, liman da Tamsir da Mawdo suka shigo mata da labarin cewa Modou ya auri Binetou, ƙawar ƴarta Daba. An riga an ɗaura. Modou ya ƙaurace wa gidan, bayan shekara 5 ciwon zuciya ya ɗauke shi, sai wajen rabon gado aka tarar har gidan da suka mallaka da guminsu su biyu ya jinginar, don ya saya wa amarya da uwarta nasu. Cikin takaba take rubuta wasiƙar.

Hausa tana da kalmomi biyu da ke taimakon mai karatu a nan: haƙuri da dangana. Haƙuri ana iya ɗora wa mutum shi; shi ake ba mace idan ta yi yaji aka je biko. Dangana kuwa daga ciki take tasowa, ranar da mutum ya tabbata abu ya fita hannunsa, ya daina bin sawunsa. Abin da Ramatoulaye ta dangana da shi zuciyar Modou ce. An yi ta ba ta shawarar zuwa wurin malaman tsibbu a karkato mata da shi, ta ƙi. Ta koma kan abin da ke hannunta: kuɗin wuta da na ruwa, karatun yara, har shiga silima ita kaɗai ana binta da ido. Ba a banza marubuciyar ta saka labarin Jacqueline ba, ƴar Kwaddibuwa da yawon mijinta ya ci ta har aka kwantar da ita asibiti, likitoci suna neman cuta a jiki ba su samu ba. Ramatoulaye ta san wannan rami, gefensa ta bi.

Wanda ya ɗauki zamanta miƙa wuya ne, ya sake karanta ranar sadakar arba'in. Tamsir, wan marigayi, ya zo neman aurenta kamar mai karɓar kason gado, ta wanke shi tas a gaban liman. Daouda Dieng, likita kuma ɗan majalisa, mutumin kirki da ya so ta tun ƙuruciya, shi ma ta mayar da shi, don ba ta son sa so na aure, kuma ba za ta shayar da matarsa abin da aka shayar da ita ba. Amma wurin da ya fi taɓa ni shi ne ranar da ta gane ƴarta, takwarar Aïssatou, tana da ciki ba aure. Ga fushi ya taso, ga Farmata tsaye tana jiran a yi tsiya. Cikin ya riga ya shiga. Yarinyar ce ta rage, sai ta rungume ta. Gidan da uba ya tsaga, a wannan shafi ya fara haɗuwa.

Inda nake da ja da littafin shi ne sauƙin da aka yi wa wannan dangana. Ramatoulaye malamar makaranta ce mai albashi, tana da aminiya a ofishin jakadancin Senegal a Amurka wadda ta saya mata mota, tana da Daba da mijinta masu tsaya mata kan maganar gida. Ƙungiyoyinmu da ke shirya muhawara kan littafin su ajiye Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, kusa da shi. Rabi, da Alhaji Abdu ya kora da ƴaƴa tara, da sayar da abinci ta riƙe su. Da gobara ta cinye masa shago, dangi suka taru a kanta sai ta koma. Ita ma ta cire rai da mijin, amma bakin da Ramatoulaye ta buɗe wa Tamsir, Rabi ba a bar ta ta buɗe shi ba.