Jinja Biya da 'Yan'uwansa: Citta Muke Saye ko Kwalba?



Duk mai zuwa walima ko ɗaurin aure a 'yan shekarun nan ya lura teburin manyan baƙi ya sauya. Da Maltina ce da Fanta, yanzu sai ka ga wasu 'yan ƙananan kwalabe daga waje, an rubuta "ginger beer" a jikinsu, irin waɗanda manyan kantunan Ikeja da Lekki ke sayarwa. Tambaya biyu ake yawan yi a kansu. A ƙofar masallaci ana tambaya ko ya halatta, tunda ga kalmar biya a jiki. A kasuwa kuma ana tambaya ko ya ci kuɗinsa. Duka biyun ba a amsa su daga nesa, sai an karanta takardar jikin kwalba, an kuma kai baki.

Mu fara da sunan. Asalin jinja biya daga Ingila ne, tun wajen shekarun 1700. Citta da sukari da ruwa ake haɗawa a sa yis, a bar shi ya tsimu, kuma na wancan zamanin yana iya bugarwa. Yawancin na yau lemo ne zalla, sunan kawai ya gada. Amma fa ba duka ba. Crabbie's na ƙasar Sukotland giya ce sosai, kuma an rubuta "alcoholic" ɓaro-ɓaro a jiki. Kwalbarta ta yi kama da ta sauran, shi ya sa yaron da aka aika kanti zai iya ɗauko ta bai sani ba. Ita wannan ba ta shiga gwajinmu ba, kuma bai kamata ta hau teburinmu ba. Akwai kuma Fentimans na Ingila, kamfanin da ya faro a 1905, wanda har yanzu tsima nasu suke yi, suna kuma cewa barasar da ta rage ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Malamai sun yi saɓani a kan irin wannan ɗan ragowar da ba ya bugarwa. Ni dai na ajiye shi gefe, tunda ga waɗanda babu shakka a kansu. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ka juya kwalba, in ka ga "alcoholic" ko haruffan "ABV" da lamba a gefensu, ka mayar inda ka ɗauko.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne, yawancin waɗannan lemuka masu tsada an yi su ne don a sirka wani abin sha da su, kuma a can Turai galibi barasa ake sirkawa. Mu zallarsu muke sha, ko mu haɗa da zoɓo da lemun tsami. Saboda haka ma'auninmu daban yake da nasu. Lemon da aka rage wa ƙarfi don kada ya danne abin da za a zuba masa, in ka sha shi shi kaɗai sai ka ji shi salam.

Ga yadda muka yi gwajin. Mu biyar ne, dukkanmu 'yan kasuwa, biyu daga ciki citta suke saukewa a Mile 12. An sanyaya kwalaben daidai wa daida, wani yaro ya zuzzuba a kofuna a bayan labule ba tare da mun ga wanne ne wanne ba, ba a sa ƙanƙara ba, ana kuskure baki da ruwa tsakanin kofi da kofi. Abu huɗu muka duba: ƙamshin citta, zafinta a maƙogwaro, yawan zaƙi, da kuma abin da ke saura a baki bayan an haɗiye.

Fever-Tree na birnin Landan shi ya zo na ɗaya, mutum huɗu cikin biyar suka zaɓe shi. Ruwansa da ɗan duhu-duhu kamar an dama abu, ƙamshin citta ke fara tarbar hanci, zafin kuma a hankali yake sauka har ƙirji, bai tsaya a leɓe ba. Zaƙinsa bai rufe cittar ba. Ɗaya daga cikin masu sauke citta yana kurɓa ya ce, "Kai, wannan akwai ta gida a ciki." Bai yi kuskure ba, domin kamfanin da kansa yana faɗa cewa citta iri uku yake haɗawa: ta Najeriya, ta Kochin a Indiya, da ta Kwaddibuwa. Aibinsa ɗaya ne, kuma babba ne: kwalbar mililita 200 ce, kurɓa uku ta ƙare, kuɗinta kuwa zai shayar da mutane da dama lemun gida.

Bundaberg na ƙasar Ostireliya ya zo na biyu. Kwalbarsa gajeriya ce mai kauri, mililita 375, kuma an rubuta a jiki cewa a kifa ta kafin a buɗe saboda garin cittar da ke kwanciya a ƙasa. Yana da laushi a baki, ƙamshinsa kamar na citta da aka dafa da sukarin rake. Mai tsoron yaji zai so shi, yara ma za su so shi. Amma zaƙi ya yi masa yawa, kusan giram 40 na sukari a kwalba guda. Kofi na farko daɗi, na biyu sai ya fara gundurar mutum.

Old Jamaica, wanda aka fi gani a gwangwani, shi ne mai faɗa a cikinsu. Zafinsa nan take yake bugun harshe, har ɗayanmu ya yi atishawa. Wanda ya saba da shayin mai shayi mai citta da yawa zai ji ya zo gida. Sai dai zafin da sauri yake zuwa, da sauri yake tafiya, ƙamshin kuma bai kai na biyun farko ba. Da tsire ko gasasshen nama mai maiƙo ya fi dacewa, don yana wanke baki.

Daga nan sai dangin "ginger ale". Wannan wani abu ne daban, kada a haɗa su. Shi ba a tsima shi, ruwan gas ne aka sa wa sukari da ɗanɗanon citta, shi ya sa yake garau kamar shayi marar madara. Canada Dry shi ne sananne a cikinsu, wani mai haɗa magunguna, John McLaughlin, ya fito da shi a birnin Toronto a 1904. Mun gwada shi tare da Bigi Ginger Ale na kamfanin Rite Foods da ke Ososa a jihar Ogun. Gaskiyar magana, a rufe ido tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tazarar kuɗinsu ba. Dukkansu cittar daga nesa take gaisuwa. In lemo mai sanyi mai ɗan ƙamshi kake so a raba wa jama'a, na gida ya wadatar, ka riƙe canjinka.

Sai masu ɗaci, wato tonik da bita lemon. Schweppes ne uban wannan fanni, kamfanin da Jacob Schweppe ya kafa a Janiba a 1783, kuma ana cika shi a kwalba a nan ƙasar. Ɗacin daga kwinin yake, wanda ake samu a ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka. Tonik na Fever-Tree ya fi tsabta a baki, ɗacinsa bai daɗewa, amma shi kaɗai babu wanda ya nemi ƙari a cikinmu. Bita lemon na Schweppes ya fi shi daɗin sha zalla, kuma rabin kofi a kan zoɓo marar sukari abu ne mai kyau. A nan akwai gyara guda: mutane da yawa suna cewa waɗannan na maganin zazzaɓin cizon sauro. Ba sa yi. A Amurka doka ba ta yarda kwinin ya wuce miligiram 83 a lita guda na tonik ba, alhali abin da ake ba babban mutum a asibiti ya kai wajen miligiram 600 a sha ɗaya, sau uku a rana. Mai zazzaɓi ya je a gwada jininsa, ya bar kwalba.

Kofi na ƙarshe da aka zuba mana lemun citta ne na wata baiwar Allah a nan unguwa, irin na gorar roba: ɗanyar citta, kanumfari, lemun tsami, ɗan sukari. Ba shi da gas, don haka kowa ya gane shi. Amma a ƙamshi ya doke kowace kwalba in ban da Fever-Tree, a zafi kuma ya doke har shi. Dalili a fili yake. Cittar da safe aka markaɗa ta, ba ta hau jirgin ruwa ba. Masu sana'ar sun san ɗanya ta fi ƙamshi, busasshiya ta fi zafi, gwanaye kuma haɗa biyun suke yi. Shi ma yana da nasa aibin, kuma sai an faɗa. Na yau ba ya zama daidai da na jiya. Ba kowa ke tafasa ruwan ba. In kuma ya kwana biyu a zafin Legas babu wuta, da kansa yake fara tsima. Gorar da ta kumbura, ko ta yi tsaki da aka buɗe, a zubar da ita. Wasu kuma barkono suke ƙarawa don cittar ta yi auki. Gane shi ba wuya: zafin barkono a leɓe da kan harshe yake tsayawa, na citta maƙogwaro yake bi ya ɗumama ƙirji.

Maganar sukari ta shafi kowa, musamman mu da muka haura hamsin. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar wajen giram 4. In takarda ta ce giram 10 a kowace mililita 100, to gwangwanin mililita 330 yana da giram 33, wato cokali takwas. Babu mai zuba cokali takwas a kofin shayinsa yana kallo, amma a lemo sai mu shanye saboda an ce citta magani ce. Mai ciwon sukari ya yi wannan lissafin kafin buɗa baki.

Hukuncina shi ne: in baƙo ne na musamman kuma aljihu ya yarda, Fever-Tree ya ci sunansa, ko da bai ci dukkan kuɗinsa ba. Bundaberg na masu son zaƙi ne, Old Jamaica na cin nama, jinja el kuwa a sayi na gida. Amma walimar mutum ɗari biyu, wallahi asara ce a tara katan-katan na waje don a ce an yi. Cittar Kachia da Jaba da Kagarko ce ake kai wa Turai, a sa mata gas da kwalba mai kyau, a dawo mana da ita da tsada. Tun annobar da ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023 farashinta ya tashi, matan da ke wannan sana'a a unguwarmu suna ji a jikinsu. A ba su kwangilar biki tun da wuri, a sharɗanta musu tafasasshen ruwa da sabbin goruna da rage sukari, a sayi soda a sirka wa mai son gas. Baƙo zai sha abin da ya fi, kuɗin kuma ya kwana a Agege.

Allah Ya sa wa kasuwa albarka, Ya ba mu lafiya. Wassalam.