Norman Lear da Barkwancin da Ke Tara Masu Saɓani Gaban Talabijin Ɗaya

Norman Lear marubuci ne kuma furodusan wasannin barkwanci na talabijin a Amurka. An haife shi ranar 27 ga Yuli, 1922 a garin New Haven da ke jihar Connecticut, ya rasu a Los Angeles ranar 5 ga Disamba, 2023 yana da shekara 101. Salon da ya yi suna a kai shi ne wasan rabin awa, wanda ake ɗauka a gaban 'yan kallo, a nuna shi mako-mako na tsawon watanni. Wannan salo yana ja da baya a yau, kuma asara ce babba ga sana'ar.

Iyayensa Yahudawa ne. Yana ɗan shekara 9 aka ɗaure mahaifinsa saboda sayar da takardun lamuni na jabu, kuma tun yana yaro ya ji wani limamin coci mai suna Charles Coughlin yana kushe Yahudawa a rediyo. A 1942 ya bar karatu a Kwalejin Emerson ya shiga sojan sama, ya yi shawagin yaƙi sau 52 a Turai. A farkon shekarun 1950 ya rubuta wa Dean Martin da Jerry Lewis barkwanci tare da abokinsa Ed Simmons, daga baya suka kafa kamfanin Tandem shi da Bud Yorkin. Kusan shekara ashirin ya yi yana gogewa kafin ya fito da aikin da aka san shi da shi.

Aikin shi ne All in the Family, wanda ya ɗauko tushensa daga wani shirin BBC mai suna Till Death Us Do Part. Sau biyu tashar ABC ta kalli gwajinsa ta ce ba da ita ba. CBS ce ta yi ƙarfin hali ta fara nuna shi ranar 12 ga Janairu, 1971, har da ɗan gargaɗi ga masu kallo kafin a soma. Kusan komai a falo ɗaya yake faruwa, a unguwar Queens ta birnin New York. Maigidan, Archie Bunker, ma'aikacin wurin lodin kaya ne, bakinsa ba linzami, ya raina baƙaƙen fata da Yahudawa da duk wanda ba irinsa ba. Mijin 'yarsa, Mike, ɗalibin jami'a ne mai ra'ayin sauyi, a gidan yake kwana, abincin gidan yake ci, kuma ba ya barin maganar surukinsa ta faɗi ƙasa. Yaƙin Biyetnam, wariyar launin fata, 'yancin mata, tsadar rayuwa, babu wanda ba su yi cacar baki a kai ba. Shirin ya yi shekara biyar a jere yana kan gaba a yawan masu kallo a duk faɗin ƙasar.

A lokacin manyan tashoshi uku ne kawai, ABC da CBS da NBC. Saboda haka mai ra'ayin Archie da mai ra'ayin Mike duk shiri ɗaya suke kallo a dare ɗaya, sau da yawa ma a falo ɗaya. Lear bai mai da Archie dodo ba. Ya bar shi da tsoronsa na talakan da duniya ta sauya masa, da son da yake yi wa matarsa Edith wanda ba ya iya furtawa. Carroll O'Connor, wanda ya fito a matsayin Archie, ya iya nuna wannan da ido kawai.

Tsawon zango shi ne ya ba da damar haka. Kashi ashirin da wani abu ake yi kowace shekara, kuma yau da gobe mai kallo ya san mutanen gidan ciki da bai. Edith, wadda Jean Stapleton ta fito a matsayinta, da farko an ɗauke ta mace mai shirme. Sannu a hankali ta zama mai gaskiyar gidan. A 1977 aka yi wani kashi inda wani baƙo ya shigo yana neman yi mata fyaɗe ranar cikarta shekara hamsin. Ɗakin ɗaukar shirin ya yi tsit, dariya ta ɗauke. Da ta ciro kek mai zafi daga tanda ta danna masa a fuska ta tsere, 'yan kallo suka ɓarke da sowa da tafi. Wasan barkwanci ba ya iya ɗaukar nauyin irin wannan al'amari sai idan jama'a sun yi shekaru suna ƙaunar matar. Kasancewar 'yan kallo a wurin kuma alƙalanci ne na nan take: maganar da ba ta ba da dariya ba, marubuta suna ji da kunnensu, su gyara.

Shirye-shirye suka biyo baya. Sanford and Son da Maude sun fito a 1972, kuma a Nuwamban shekarar Maude ta taɓo batun zubar da ciki, wata biyu kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kai. The Jeffersons, labarin iyalin baƙar fata da suka yi arziki da sana'ar wanki da guga, ya yi zango 11 daga 1975 zuwa 1985.

Aikin bai rasa aibi ba. A 1974 masu bincike biyu, Neil Vidmar da Milton Rokeach, sun gano cewa masu kallon da ke da ƙyamar wasu jinsi sun fi sauran ganin Archie ne mai gaskiya, ba shi ake yi wa dariya ba. A shirin Good Times kuma, wanda ke nuna talakawan baƙar fata a Chicago, 'yan wasan shirin John Amos da Esther Rolle sun koka cewa ana fifita wawancin babban ɗan gidan a kan mutuncin iyalin, har aka sallami Amos a 1976. Kokensu yana da tushe. Sai dai duk wannan gardama a bainar jama'a aka yi ta, kan shirin da ƙasa baki ɗaya ta sani.

Yanzu al'amarin ya juya. Kamfanonin da ke haska shirye-shirye ta intanet sun fi son zango mai kashi takwas zuwa goma, wani lokaci a yi fiye da shekara kafin na gaba ya fito. Lear da kansa ya ɗanɗana wannan: sabon One Day at a Time da ya yi wa Netflix a 2017, kan wani iyali 'yan asalin Kuba, kashi 13 yake da shi a zango, kuma aka soke shi a 2019 bayan zango uku duk da yabon da ya sha. An samu riba, ba a musu: waɗanda a da ba a ba su dama yanzu suna ba da labarinsu da bakinsu. Amma manhaja tana tura wa kowa abin da ya riga ya yarda da shi. Shirin da ke sukar mai ƙabilanci ba ya isa gidan mai ƙabilanci, sai a tarar masu ra'ayi ɗaya ne ke ta tafa wa juna.

Gajeren zango ya kuma kashe makarantar da ke haifar da irin su Lear. A da ƙaramin marubuci yakan yi watanni yana zaune da manya, ya halarci ɗauka, ya ga yadda ake tace hoto, har ya kai ga riƙe nasa shirin. Daga baya aka koma tara marubuta kaɗan na 'yan makonni, a sallame su kafin a kunna kyamara. Wannan yana cikin dalilan yajin aikin kwana 148 da ƙungiyar marubutan fim da talabijin ta Amurka ta yi a 2023, wanda ya ƙare da yarjejeniyar da ta ƙayyade mafi ƙarancin marubutan da za a ɗauka wa shiri.

Masu cewa jama'a ce ta gaji da tsohon salo ba su da cikakkiyar hujja. A 2019 ABC ta sake shirya wasu kashi na All in the Family da The Jeffersons kai tsaye da sababbin 'yan wasa, miliyoyi suka kalla, Lear ya karɓi lambar Emmy yana da shekara 97. Abbott Elementary na Quinta Brunson, kan malaman wata makarantar gwamnati a Philadelphia, ya yi kashi 22 a zangonsa na biyu, kuma masu kallo suka bi shi mako-mako har ƙarshen zangon.