A Dawo da Wasan Kwaikwayo Dandalin Ƙauye

Daga Afrilun 2014 zuwa Afrilun 2016, 'yan wasan gidan Globe na Landan sun zaga ƙasashe 197 da wasan Hamlet na Shakespeare. Su goma sha biyu ne, kayan dandalinsu kaf a cikin akwatuna. Har sansanin 'yan gudun hijira na Za'atari a Jodan sun je. Ɗaya daga cikin masu fitowa a Hamlet ɗin ma ɗan Nijeriya ne, Ladi Emeruwa. Da suka zo ƙasar nan, a Legas suka yada zango. Ban ga laifinsu ba. Ba wanda zai sa ran su biyo hanyar Wudil su karkata ƙauyen Achika da wasan tsohon Turanci.

Namu ne ke damuna. Mu da muka gaji kai wasa har ƙofar gida, yau mun naɗe tabarmarsa.

Azumi na cika kwana goma, yaro zai manna auduga a haɓa, ya zura tsohuwar rigar kakansa, ya dogara sanda yana tari, abokansa na biye da gwangwani, gida-gida. Tashe ke nan, kuma manya sun fi yaran ƙyaƙyata dariya, don sun san da wa ake. Dattawa kuwa ba su manta motar majigi ba, da farin ƙyallen da ake kafawa ƙofar gidan dagaci a nuna fim ɗin Baban Larai. A ƙarshen shekarun 1970, ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, zamanin malaminsu Michael Etherton, sun shiga Soba da Maska, suka zauna da manoma, suka ji kukansu kan taki da rashin lafiya, suka mayar da shi wasa a gaban masu kukan.

Sai bidiyo ya zo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wadda a dandali ta taso, ita ta fitar da Turmin Danya a 1990, daga nan kowa ya bi kyamara. Yanzu komai ya koma waya. Ba na ƙyamar Kannywood, ta ciyar da gidaje da yawa. Amma waya ta raba kan masu kallo: uba da tasa, ɗa da tasa, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ke gani. A dandali kuwa kaka da jika tabarma ɗaya suke. Idan ɗan wasa ya fito a dillalin da ke danne manomi, nan take wani zai ɗaga murya ya ce, "Wallahi haka suke yi!" Gobe a majalisa maganar ake yi.

Na san za a kawo batun tarbiyya da cakuɗuwar maza da mata, kuma magana ce mai nauyi. Maganinta a yi wasan bayan La'asar a filin firamare, da izinin dagaci da sanin limamai, mata gefe, maza gefe, a tashi kafin Magariba. Kuɗinsa bai wuce hayar bas da lasifika ba.

Ga ɗalibai cike da Jami'ar Aliko Dangote a Wudil, ga Hukumar Tarihi da Al'adu a Kano. Don Allah a haɗa kai da ƙaramar hukuma, da zarar amfanin gona ya shigo gida a fito da tawaga ko guda ce, ta fara da Achika.