Malamin Zane da Haƙurinsa

A Kafanchan Uche Okeke ya yi firamare, a makarantar St. Peter Claver. Asalin gidansu Nimo ne a ƙasar Ibo, amma a wannan gari na mahaɗar jirgin ƙasa ya tashi. Da ya shiga kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, shi da abokansa irin su Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958. Manhajar da suka tarar ta Ingila ce zalla. Su kuwa suka ce za su koyi dabarar Turawa, amma ba za su yar da abin da suka taso da shi ba. Okeke ya koma wurin mahaifiyarsa ya nemi sanin uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, ya gina aikinsa a kai. Cibiyarsa ta al'adu, wadda ta zama Asele, a Kafanchan ya fara kafa ta kafin ta koma Nimo.

Na kawo shi ne don abin da ya gano shi ne tushen gwanintar da nake son yabawa: iya sa wanda bai taɓa riƙe burushi ba ya gane cewa akwai zane a hannunsa. Ba kowane gwanin zane ya iya wannan ba. Wani ma gwanintarsa ce ke firgita ɗan koyo.

Malamin kirki ba ya farawa da fensir. Fensir yana zuwa da abin gogewa, kuma yaron da ke tsoron kuskure zai ƙare awa guda yana ja yana sharewa har takarda ta huje. Sai malam ya shimfiɗa babban kwali, ya miƙa burushi mai kauri, wanda dole a ja shi da dukan hannu tun daga kafaɗa. Launi kuma kaɗan yake bayarwa: ja, rawaya, shuɗi, da fari. Da gangan yake hana kore. Ɗan koyo na son ya zana gonar citta, babu kore a gabansa, sai ya gauraya shuɗi da rawaya, kore ya fito a ƙarƙashin burushinsa. Ya ƙara rawaya, ya ga ɗanyen ganyen farkon damina. Ya ɗiga ja kaɗan, ya ga ganyen da ya fara tsufa. Daga ranar ya daina tambayar wane launi ne daidai, ya koma nema da kansa. Inda babu kuɗin fenti ma ba a tsayawa, tunda jar ƙasa ba ta yi wa kudancin Kaduna ƙaranci ba: a tankaɗe ta, a dama da ruwan ƙaro, ga gawayi, ga farar ƙasa.

Sai koyar da ido, wanda ya fi koyar da hannu wuya. A ce wa mutum ya zana dutse, zai ja kusurwa uku irin ta littafin firamare. Malam sai ya fito da shi waje ya fuskantar da shi duwatsun Kagoro, ya ce ya ɗan runtse ido har ƙananan abubuwa su ɓace, haske da inuwa kaɗai su rage. "Ina ne ya fi duhu? Da can fara." Da hunturu, lokacin da hazo ya sauka, sai ya nuna masa yadda tudu na nesa ke kodewa ya doshi launin sama, na kusa kuma ya riƙe duhunsa. Wannan kaɗai ya isa ya buɗe nisa a kan takarda shimfiɗaɗɗiya, kuma ba ƙaramin daɗi ɗan koyo ke ji ba ran da ya ga ya faru a aikinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda irin wannan malami ke kame hannunsa. Yana ganin inda aka karkace, ya san ja biyu zai daidaita shi, amma ba ya taɓa takardar ɗalibi. In zai nuna wani abu, a gefe yake nunawa, a tasa takardar. Ba ya cewa "ya yi kyau" don a rabu lafiya, domin yara ma sun san yabon da ba shi da gindi. Yakan sa yatsa a wuri guda ya ce, "Ɗiyata, wannan inuwar da kika sa ƙarƙashin tulun, ita ta zaunar da shi a ƙasa. Yaya kika yi ta?" Yarinya ta buɗe baki ta yi bayani, a nan take jin cewa ashe zaɓi ta yi, ba dace ba.

An ga amfanin wannan hanya a Oshogbo. A 1964 Georgina Beier ta tara matasa a cibiyar Mbari Mbayo, da yawansu 'yan wasan kwaikwayon Duro Ladipo, ta ba su kayan aiki ba tare da ta ɗora musu dokokin makaranta ba. Daga cikinsu aka sami Twins Seven-Seven, wanda da rawa aka san shi, da Muraina Oyelami, da Jimoh Buraimoh, mai kula da fitilun dandali, wanda daga baya ya yi suna da zanen duwatsun ado.

A ƙasar Atyap da Bajju da Ham, kamar a zangon Hausawa, da wuya ɗan koyo ya zo hannu rabbana. Wadda ke zana lalle ta riga ta san jan layi ba rawar hannu. Wanda ya taso gidan masu ƙwarya ko saƙar tabarma ya san yadda ake maimaita ado ba ya gundura. A kusa da Jama'a aka tono wani kan yumɓu da ya kai hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg, wanda ya taimaka aka gane fasahar Nok mai shekaru fiye da 2000. Shi ya sa malamin da ya san aikinsa, a Zonkwa ne ko a Kafanchan, kafin ya buɗe gwangwanin fenti yake fara tambayar ɗalibi wace sana'a ake yi a gidansu, kuma da ita yake tsara darasin farko.